Biyan duwan daban, hawa gudron daban: amsa ga mai kukan an hana wa motarsa plak



Kwana huɗu ke nan wata murya tana yawo a WhatsApp, na tabbata ta shigo wayoyin da yawa daga cikinku. Wani matashi ne ɗan gidan masu hali a nan Maraɗi, ya ɗauki minti bakwai yana zuba kuka. Ya ce ya sayo mota daga Turai, ta sauka a Lome, ta yi makonni tana jiran ayarin da sojoji ke rakowa ta Burkina, ta iso lafiya, ya biya duwan bai rage ko dala ba. Da ya tafi neman kartigiris da plak sai aka ce masa a'a. Ya koma, aka sake ce masa a'a. Daga nan sai ya yanke hukunci: wai ƙasar nan ba a son matashi ya ci gaba, wai hassada ce, wai goro ake jira ya miƙa. A fadodi an yi ta tausaya masa. Har na ji wani yana cewa, “Mutum da kuɗinsa, ya biya gwamnati haƙƙinta, to mi ya yi saura?”

Ni ban tsaya ga murya ba. Na je na ga motar da idona, kuma na ja wani tsohon makanike muka tafi tare, dattijon da ya fi shekara talatin hannunsa cikin baƙin mai. Bayan abin da muka gani, ga matsayina tun daga farko don kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye: ma'aikacin da ya ƙi sa hannun nan, ko wane ne shi, Allah ya yi masa albarka. Ranar nan ya ci albashinsa halal.

Bari in gaya muku abin da ke cikin gidan.

Motar kam tana da kyau, wannan ba gardama. Ja ce, ƙirar Japan, a Ingila aka yi ta tsere da ita shekara da shekaru. Ta kwanta ƙasa, tsakaninta da ƙasa yatsu huɗu ba su shiga. Da aka buɗe ƙofa sai ga kujera ɗaya tal, ta direba. Inda kujerun baya suke a da, bututun ƙarfe ne aka yi wa walda sun sarƙe kamar keji. Bolan ɗin ƙarami ne, ana zare shi da hannu kamar murfin tukunya, kuma a dama yake. Jakar iskar da ke tare ƙirjin direba in an yi karo, an cire ta tun tuni. Gilasan gefe na roba ne, ba su sauka. Babu oda. Babu sigina. Fitilun gaba hoto ne kawai aka manna. Tayoyin sumul kamar kan jariri, ko zane ɗaya babu. Da ya tada injin kuwa, sai da kajin maƙwabta suka watse, wata tsohuwa ta leƙo ta katanga tana salati.

Dattijon ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya nemi lambar shasi inda ta kamata ta kasance, ya tarar an yanke wurin lokacin da ake haɗa kejin. Sai ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, “Ɗana, waɗanda sunka gyara ta ba su gyara ta don hanya ba. Kai dokin sukuwa ka sawo, kana son a rubuta maka takardar jakin kasuwa.”

Yaron da kansa ya nuna mini tallar da ya gani a intanet kafin ya saya. A rubuce yake ɓaro-ɓaro cikin Turanci cewa motar ta fili ce kawai, ba ta da takardun hanya. Na ce to ka karanta wannan? Ya ce ya karanta, amma ai can Turai ne, nan Nijar komai ana iya shirya shi.

Wannan jumlar ita ce ta sa na zauna rubutun nan. “Nan komai ana iya shirya shi.” Ita ce cutar da ke kashe mu a kan hanya.

Ƙanena, bari mu fara da kuskurenka na farko, wanda mutane da yawa ke yi. Duwan ba su sayar maka da hanya ba. Aikin duwan shi ne su ƙiyasta darajar kayan da ya shigo ƙasa su karɓi haraji, har da TVA ta kashi 19 cikin ɗari. Da firji ka shigo da shi, da injin niƙa, da jirgin ruwa na kamun kifi, duk za su karɓa su ba ka takarda. Takardar nan tana cewa kayanka ba sumoga ba ne. Iyakarta ke nan. Wanda ya biya duwan jirgin ruwa ba zai ɗauko shi ya ce sai an bar shi ya bi hanyar Tasawa ba.

Kartigiris magana ce ta dabam. Shaida ce daga hukuma cewa wannan abin mota ce da aka san asalinta, an san lambarta, an san mai ita, kuma ta cancanci ta haɗa hanya da amalanken shanu, da ɗan kabu-kabu, da yarinya mai tallan wara. Lambar shasi, wadda a motocin zamani take da haruffa da alƙaluma 17, ita ce sunan yanka na mota. Da ita ake gane ba ta sata ba ce, da ita jandarma ke gano mai ita in ta buge mutum ta gudu. Kai taka an yanke wurin da injin walda. To wace lamba kake so ma'aikacin ya rubuta? Ya ƙirƙiro maka?

Kuma kada a ruɗe mu da cewa wai ana yaƙi da mota mai gudu. Motocin gudu iri uku ne. Akwai wadda kamfani ya ƙera don hanya duk da tana da ƙarfi, da fitilunta da santir ɗinta da takardunta. Wannan ba wanda ya hana ka, ana ganin irinsu a Yamai. Akwai motar hanya da aka tuɓe aka mayar ta fili, irin taka. Sai kuma wadda tun daga masana'anta don tsere aka yi ta. Kamfanin Porsche misali yana sayar da 911 GT3 RS, ana yi mata rajista ta hau hanya, yana kuma sayar da 911 GT3 Cup, wadda ko a Jamus inda aka ƙera ta ba a ba ta plak. In ka gan su kamar uwa ɗaya uba ɗaya, amma ɗaya a kan tirela ake kai ta filin tsere a kuma dawo da ita.

Mai yiwuwa wani ya ce, mota da aka yi ta don gudun kilomita ɗari biyu ai ta fi kowace mota lafiya in tana tafiya sittin. A nan ne mutane ke shan mamaki, domin abubuwan da ke kare direba a fili su ne ke zama bala'i a gari.

Ɗauki tayoyin nan masu sumul. Sai sun yi zafi suke kama kwalta, kuma busasshiyar kwalta mai tsabta. Zanen da kuke gani a jikin taya, aikinsa fitar da ruwa ne daga ƙarƙashi. Ranar da aka yi ruwan Agusta, ruwa ya kwanta a kan gudron, mai taya sumul ba tuƙi yake yi ba, iyo yake yi. Balle yashin da iska ke shimfiɗa mana a kan hanya kowace safiya. Birkin tsere shi ma haka: sai ya ɗauki zafi yake cizo sosai. A fili kowane lungu ana taka shi, ba ya hucewa. A gari kuwa, takun farko da za ka yi da sanyin safiya, lokacin da ɗan lakwal ya fito daga bayan adaidaita, shi ne takun da ya fi rauni.

Kejin ƙarfen nan an yi shi ne don mutumin da ya sa hular kwano. Kai da za ka fita yawon yamma da hula ƙube, in aka ɗan buge ka ta gefe, kanka ne zai haɗu da bututun. Igiyoyin da ke ɗaure direban tsere suna manne shi da kujera ne ƙam, ba zai iya sunkuyowa ya leƙa mararraba ba, don a fili babu mararraba, kowa waje ɗaya ya nufa. Faifan da aka ɗaura a ƙasan hancin motar, mai kaifi, daidai idon sawun mai tafiya a ƙasa yake. Ba a yi tunanin mai tafiya a ƙasa ba lokacin da ake ɗaura shi, saboda a fili an yi shinge, babu shi.

Sai bolan a dama. A Nijar dama muke bi, don haka direba yana zaune a hagu, kusa da tsakiyar hanya, yana hango abin da ke tafe. Kai kana can gefen jeji. Ka iske kamiyon albasa ya taso daga Galmi yana rarrafe, kana son ka wuce shi. Kafin idonka ya ga abin da ke gaba, sai ka fitar da kusan duk jikin motar zuwa hannun masu zuwa. In bas ɗin Damagaram ne ke tafe, ya riga ya same ka kafin ka gan shi.

Ban ma zo kan dodan ɗin da ke bakin kowane gari ba, wanda motar da yatsu huɗu ba su shiga ƙarƙashinta za ta bar cikinta a kai tun na farko. Ban zo kan zafin Afirilu da ke wuce 40 ba, alhali injin an saba masa da iskar gudu, ba tsayuwa cikin cunkoson kasuwa ba. Ban zo kan esans ɗin ƴan ruwa-ruwa ba, da za ka ɗura wa injin da aka shirya don mai na musamman. Waɗannan duk asararka ce kai kaɗai, aljihunka ya ji da su. Abin da ya shafe mu shi ne ran mutane.

Ku bi hanyar ƙasa mai lamba 1 da tunani, daga Yamai zuwa Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni, Madawa, Gidan Rumji, Maraɗi, Cadawa, Agiye, Gazawa, Tasawa, har Damagaram. Hannu biyu ce kawai, mai zuwa da mai dawowa, babu katanga a tsakani. Ta tsakiyar garuruwa take ratsawa. Ranar kasuwa, kasuwar a kan gudron take ci. Akwai awaki, akwai raƙuma, akwai amalanke mara fitila da magariba, akwai almajiri da ƙoƙonsa. Yanzu ga lissafi mai sauƙi. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 150 tana cin kusan mita 42 kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki. Kuma nisan tsayawa bayan an taka birki ba ninki uku yake ƙaruwa ba in gudu ya ninka uku, ninki tara yake ƙaruwa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowa asara in aka auna da yawan jama'a. Ta kuma ce mai tafiya a ƙasa da mota ta buge, haɗarin mutuwarsa yana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Sittin da biyar fa, ba ɗari da hamsin ba.

Kuma don Allah kada mu yaudari juna. Ba wanda ke kashe miliyoyi ya sayo motar tsere don ya riƙa tafiya arba'in yana gaida mutane. Mun san inda za a gan ta: kortej ɗin biki, ana juya ta a mararraba tana hayaƙi, yara sun kewaye suna ihu, abokai suna ɗauka a waya don TikTok. Mun ga abin da ake yi da ƙananan motoci da babura ranar ɗaurin aure. Akwai unguwar da ba ta san gidan da aka shiga da amarya aka fito da gawa ba?

Kai da kake cewa can Turai ne, ka san abin da suke yi a can? A Faransa, motar da aka sauya wa ƙira ko wadda ba ta da shaidar masana'anta sai ta bi ta hannun injiniyoyin gwamnati, su duba ta ita kaɗai, kafin a yi zancen kartigiris. A Ingila, inda taka ta fito, akwai irin wannan jarrabawa, suna auna ƙarar salansa, da hayaƙi, da birki, da fitilu, har kaifin gefen ƙarfe suna aunawa saboda mai tafiya a ƙasa. A Jamus akwai manyan hanyoyin da ba a ƙayyade gudu ba, amma ka sauya wa motarka wani muhimmin abu ba da amincewar masu duba ba, izininta ya faɗi. A Amurka, motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idarsu ba, sai ta cika shekara 25 kafin a bari ka shigo da ita don hanya. Waɗannan su ne masu asibitoci, masu jirgin ɗaukar wanda ya ji rauni, masu hanyoyi da shinge. Su sun ce a'a. Mu da za a ɗauko mai rauni a bayan a-kori-kura daga Gazawa, mu ne za mu ce e?

Shi ya sa ma ka same ta da araha. Motar fili in ta tsufa, ba ta cin tsere, ba ta hawa hanya, sai mai ita ya nemi wanda zai raba shi da ita. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. Mun daɗe muna karɓar abin da suka gaji da shi. Yanzu har abin da suka hana wa hanyarsu za mu karɓa, mu kuma yi fushi don an ƙi buga masa hatimi.

To, bari in ba ka gaskiyarka, don kana da ita a wuri ɗaya. A cikin muryar ka ce, “Ku dubi motocin kasuwa da ke yawo, ƙofa ɗaure da igiya, taya ta cinye har waya ta fito, mutum ashirin da biyar a motar mutum goma sha tara, duk suna da takardar bizit teknik. Ni kaɗai aka gani?” Wallahi wannan gaskiya ne, kuma abin kunya ne. Duk wanda ya taɓa shiga motar ƙauye ranar kasuwa ya san da addu'a take tafiya. Amma mi wannan hujja take nufi? Tana nufin a tsaurara a kansu. Ba ta nufin a sassauta a kanka. Ba a wanke najasa da fitsari. In rijiya goma na unguwa ba su da murfi, maganin shi ne a rufe su, ba a haƙa ta goma sha ɗaya ba. Kuma mai tsohuwar motar kasuwa, duk laifinsa, abincin ƴaƴansa yake nema, kuma talakan ƙauye ba shi da wata motar da zai shiga. Kai wasa kake nema. Haɗarin da jama'a ke haƙuri da shi don dole daban, wanda za a ɗora musu don nishaɗin mutum ɗaya daban.

Abin da nake tsoro yanzu shi ne ƙofofin baya, don na san an fara nuna maka su. Wani zai ce a nemo kartigiris ɗin wata matacciyar mota irinta, a buga lambar a jikin taka. Wani zai ce a aro fitilu da tayoyi da kujeru na yini ɗaya, a wuce bizit, da yamma a mayar wa masu su. Wani zai ce ai Alhaji ya san wane, waya ɗaya ta isa. Wani kuma zai ce ka rabu da su, ka riƙa fita da dare ba plak, wa zai kama ka.

Ka saurare ni da kyau. Dokar asurans ta CIMA, wadda ƙasashenmu suka sa wa hannu a Yawunde a 1992, ta wajabta wa duk mai mota ya yi asurans saboda ɓarnar da zai iya yi wa wani. Dokar nan kuma ta ce wanda ya yi ƙarya da gangan wajen bayyana abin da yake yi wa asurans, yarjejeniyarsa ta ɓaci. Ka kai takardar motar gida mai kujera biyar, alhali abin da ke garejinka keji ne mai kujera ɗaya. Ranar da ƙaddara ta faɗa, gwanin da za a turo ya duba motar ba makaho ba ne. Daga nan sai shari'a, sai kai da kawo, iyayen wanda aka buge suna zarya da takardun asibiti a leda. Kai kuma laifinka ya tashi daga haɗari ya haɗa da jabun takardu. Wanda ya buga maka lambar ranar nan ba za ka same shi a waya ba.

Masu waya ɗaya kuma, ku ji tsoron Allah. Kullum muna ganin ɗan kabu-kabu an kama babur ɗinsa an kai furiyar saboda binyet ko asurans ya ƙare da kwana uku, yana roƙo kamar zai yi kuka, don in babur ya kwana can gidansa ba a ɗora tukunya. An ce doka ce, mun ce to. In har dokar da ta kama babur ɗin talaka za ta durƙusa wa motar ɗan Alhaji, kada a sake tara mu ana yi mana jawabin gyaran ƙasa. Gyaran ƙasa a irin wannan teburin yake farawa, inda ƙaramin ma'aikaci ya ce a'a, kuma na sama da shi bai kira shi ya ce ya sake tunani ba.

Mu a Nijar ba baƙin motocin tsere ba ne. Manyanmu sun ga zamanin Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, yana ratsa Agadas da Tenere. Motocin nan ma, da yake suna bin hanyoyin jama'a tsakanin zango da zango, da plak ɗinsu da fitilunsu suke zuwa. Ga likitoci, ga jirage masu saukar ungulu, ga jandarmomi a bakin hanya. Duk da haka an yi ta buge mutanen ƙauye. A 2006 kaɗai yara biyu aka kashe, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. Daga baya gasar ta koma Amurka ta Kudu a 2009, sannan Saudiyya a 2020. In ƙwararru da duk wannan shiri sun kasa kare ɗan ƙauye, kai da abokanka uku da waya a hannu fa?

Ba ina cewa son mota laifi ba ne. Mu mutanen doki ne, mun san daɗin gudu. Amma sukuwa filinta ake zuwa, ba wanda ke sakin linzami cikin kasuwar Cadawa. Kokowa ma tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, fili aka yi mata, da alƙali, da da'ira. Ɗan kokowar da ya kama mutum a bakin masallaci ya kayar, ba sarki ba ne, mai laifi ne.

Saboda haka ga shawarata gare ka, kyauta. Hanya biyu ce. Ko dai ka mayar da motar mota: tayoyin hanya, birkin hanya, fitilu na gaske, sigina, oda, gilas, salansa mai hankali, santir, a ɗaga ta daga ƙasa, a warware matsalar keji da ta bolan, sannan ka nemo daga wanda ya sayar maka da kuma kamfanin da ya ƙera ta shaidar asalinta da lambarta ta gaskiya, ka koma ka ajiye a gaban hukuma ta duba. In an ƙi ka bayan wannan ba tare da dalili a rubuce ba, ka zo, ni zan fara rubuta maka. Ko kuma ka karɓe ta a yadda take, ka saya mata tirela, ka riƙa kai ta inda ba kowa. In ka lissafa kuɗin hanya ta farko, ina jin za ka gane ta biyu ta fi sauƙi.

Hukuma ita ma tana da nata. Yaron nan ya yi kuskure, amma an bar shi ya yi ta tafiya cikin kuskuren har ya zuba miliyoyi, sannan a ƙofar ƙarshe aka ce masa a'a. Ma'aikatar sufuri da ANISER su fitar da ƙa'ida a rubuce, takarda ɗaya: ga motar da za a yi wa rajista, ga wadda sai an gyara, ga wadda har abada ba za ta hau gudron ba. Tun da a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, a rubuta da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a ofisoshin duwan. Irin wannan mota in ta iso, tun a takardar duwan a buga mata hatimi cewa ta fili ce. Inda ƙa'ida take a duhu, nan ɗan kamasho ke cin abinci. Ku kuma masu taranzit, kun ga motar tun a hoto, kun san ba za ta samu plak ba, kuka karɓi kuɗinku kuka yi shiru. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne.

Alhazan garin nan, masu sayen motocin, ƙasa ba ta ƙare mana ba. Kuɗin mota uku irin wannan ya isa a nemi izini, a share fili a bayan gari, a kewaye shi, a ajiye motar asibiti a gefe, yara su je su ƙona taya ranar Lahadi, mai son kallo ya biya ya shiga. Makanikai su samu aiki, masu ruwan sanyi su yi ciniki, uwaye su yi barci. Wanda ya yi wannan za a tuna da shi fiye da wanda ɗansa ya fi kowa ƙara a kortej.

Kai kuma Alhaji, mahaifin yaron, na san saƙon nan zai iso ka. Kada ka ɗaga wayar nan. Ɗanka yana fushi yau, fushin zai wuce. Gara ya yi fushi yana zaune a gabanka yana cin tuwo.

Allah ya tsare mu da ƴaƴanmu a kan hanya, ya jiƙan waɗanda gudron ya cinye, ya ƙara mana ma'aikatan da ke iya cewa a'a. Wanda ya tura muku waccan murya, ku tura masa wannan.